Labbo da Iccen Ɗakin Malama

Ruƙayyatu, ke kin san abin da yas sa wana Labbo yaɗ ɗaure kayanai za shi gudu daga Birnin Kabi, shina da hurhura har ga gemu? Bai yi sata ba, bai yi hwaɗa da kowa ba. Icce na. Ɗan icce guda cikin tukunya, wanda bai kai tsawonki ba. Ja tabarmag ga cikin inuwa in ba ki labarinai, don ke ba ki ishe shi ba, uwakki tana amarya yar rasu.

Gulma anka haihe mu. Shi na babba, ni auta, huɗu da ke tsakaninmu dut sun koma tun suna ƙanana. Babanmu Ummaru manomin shinkahwa na, in rani ya yi shi ɗauki homa da gora shi shiga gulbi kamun kihi. Labbo tun shina yawo da bante shika bin shi hwadama, har yaz zan ya hi sanin ruwa bisa ga tudu. Abin da anka san shi da shi kau shi na datsi. Kin ga in ruwa ya taso da damana, mutane sukan tara laka da haki su yi datsi su riƙe ruwa ga gona, don shinkahwa ba ta son ƙahwatta ta bushe. To in datsin wani ya ɓalle, ba a neman kowa sai Labbo. Shi shiga ruwa har wuya shina lalube da ƙahwa, shi gano inda ruwa ka sulalewa, shi nutse shi danna laka, shi taso shina tohe ruwa shina dariya. Shikan ce ruwan da yak kuɓuce ma manomi, tuwo na yak kuɓuce mai.

Ya yi aure, Asiya sunanta, macce mai sanyin hali, sunka samu ɗiya guda, Ma'u, wadda anka kai Jega. Ni kau anka kawo ni nan Argungu gidan kakanki Maigandi, su mutanen albasa na, lambu da jigo. Labbo da kakanki ba su gamuwa ba su taɓa juna ba. Labbo shi ce noman albasa noman ragwaye na, ana ba shuka ruwa da ludayi kamar mai jinya. Kakanki shi ce mai ai gara haka da mutum shi ƙare rayuwatai cikin taɓo kamar gaiwa. Su yi ta yi har tuwo shi huce.

Sai Asiya tar rasu. Bayan nan shekarun hwari sunka biyo, damana biyu ruwa bai hau hwadama ba, ƙasa tad dare har ƙahwar akuya tana hwaɗawa ciki. Mutumin da aikinai riƙe ruwa na, ga shi babu ruwan riƙewa. Akwai wani malamin gona, Malam Abdussamadu, wanda ka zuwa Gulma bisa babur shina nuna ma mutane sabon iri. Ya ga aikin Labbo tun shekarun ruwa, shina ganin girmanai ƙwarai. Shi yac ce mai shi biyo shi Birnin Kabi shi riƙa tsare mai ƙohwa. Lokacin muna jihas Sakkwato, ba a yanke muna Kabi ba tukuna. Gidan na gwamnati na, cikin kwatas, da ɗan ɗaki ga bakin ƙohwa, nan Labbo yaz zauna. Shi share hili, shi buɗe ƙohwa, shi ruhe ƙohwa. Cikin gidan kau bai taɓa wuce baranda ba.

Shekara biyu da zuwanai Malam ɗin yak kwanta ciwo, kwana tara Allah yay yi ikonai. Matatai, Malama Sakinatu, tana koyarwa makarantaƴ ƴammata. Da tag gama takaba danginta sunka ce ta sallami tsoho shi koma ƙauye, ta ɗauki mai ƙarhi. Tac ce wanda Malam yak kawo ba ita za ta kore shi ba. Labbo ya ji maganag ga, kuma ta zauna mai ga zuciya. Dut sadda niz zo shikan ce min, macceg ga ta ruhwa mai asiri ranad da ba shi da inda za shi.

To akwai icce guda cikin ɗakin baƙinsu, ɗakin da suka cewa hwalo. Malam yat taho da shi daga wajen karatunai can kudu, shina ɗan tsurut cikin gwangwani, yay yi ta renonai har yak kai ƙirjin mutum. Ba shi ɗiya, ba a miya da shi, ba shi maganin komi. Ganye ɗai gare shi, manya kamar na gamji, sai dai sun hi kauri, suna sheƙi kamar an shahwa musu man shanu. Mu dai ba mu taɓa jin an sa icce cikin ɗaki an bar mutum waje ba, amma su haka suka yi. Bayan rasuwam Malam, iccen ga yaz zan ma Malama kamar wani ɗa. Ita ka ba shi ruwa da hannunta, ita ka goge ganyen da tsumma guda guda.

Shekara biyu bayan haka tas samu kujeram Makka, ita da ƙanenta. Hajjin shekaran nan cikin damana yah hwaɗo. Ranad da za ta tahi tak kira Labbo har cikin hwalo, tab ba shi mabuɗi, tac ce, “Baba Labbo, ga amana. Dut abin da ac cikin gidan ga in ya ɓace ina iya haƙuri, ban da wanga.” Tah hwara gaya mai yadda aka ba shi ruwa, sai yat tare ta da dariya, yac ce haba Malama, shuka za ta koya mai, shi da yay yi shekara hamsin cikin gona? Ita kau taj ji kunya tab bar zancen. Kin ga inda abin yah hwaro ke nan. Da ya bar ta ta ƙare maganatta, da ba ni da labarin ba ki yau.

Wanshekare da sahe yac cika bokiti ga hamho yat tuttule ma iccen. Bai ko juya ba sai ga ruwa shina hitowa ta ƙasan tukunya, ya cika hwarantin da anka aza ta bisa, ya malala har ga dardumam Malama. Yad duƙa yal leƙa, yag ga ramu ukku ga gindin tukunya. Yac ce cikin ranai ashe haka, tukunya hudajja anka sayar ma Malam, bawan Allah har yam mutu bai sani ba, shi yas sa iccen bai kai ko'ina ba. Yat taka har bakin gulbi yaɗ ɗebo laka mai danƙo, irin wadda shika datsi da ita, yat toshe ramun nan ukku tsab. Kin san aikin Labbo. In ya toshe abu ya tosu. Sannan yaz zuba ruwa har sunka kwanta bisa ƙasa kamar kaurin yatsa biyu, yadda shinkahwa taka so. Yaj ja labule, yar ruhe tagogi saboda ɓarayi, yak kulle ɗaki shina jin ya yi ma mamaci gyara.

Kullum da sahe shi shiga shi ƙara abin da yar rage. Kwana goma ganyen ƙasa sunka soma ɗorawa. Yac ce yunwa ta, yas samo kashin shanu yad dama yaz zuba. Ganye sunka soma zuba, yau guda, gobe biyu. Yac ce ko baki na, yat tahi wurin wani malami yak karɓo rubutu kwano guda yaj juye mai. Rubutun ma ai ruwa na. Ganye talatin da ɗaya Malama tab bari, don ya ƙidaya su tun ranah hwarko. Wanda yah hwaɗi shi ɗauke shi sa cikin buhu, wai amana ta, ba ta shiga shara.

Ni ban san ana haka ba. Bayan layya da kwana ukku nis soya nama nic cika kwano, nic ce ma kakanki za ni kai ma Yaya, don ba shi da mai soya mai. Nis shiga a-kori-kura ta kasuwa, hantsi ya ɗaga nis sauka Birnin Kabi. Ina isa nig gane shi zaune bisa benci, ya rame, ido ya hwaɗa, ga tabarmatai naɗe, ga ƙunshin tuhwahinai da butatai gehe. Nig gaishe shi, nit tambaye shi ina zuwa da kaya haka. Yac ce Gulma. Za shi bar ma maƙwabci mabuɗi, in Malama ta dawo a ce mata ya tahi, kar a neme shi. Niy yi ta jan shi da magana har yab buɗe baki, shina hwaɗi shina kallon yatsun ƙahwatai. Yac ce ba shi da idon da za shi kalle ta. Ta riƙe shi sadda danginta sunka ce a kore shi, abu guda tar roƙe shi duniya, ga shi ya kashe shi.

Nic ce, “Yaya, wanda yaɓ ɓata amana yat tsaya, an san sunanai. Wanda yaɓ ɓata yag gudu, wani suna aka ba shi, kuma har Jega za shi ishe Ma'u. Ba ni mabuɗin.”

Ban taɓa yi mai magana haka ba tun da anka haihe ni. Yad dube ni ɗan lokaci, yam miƙo.

Ina buɗe ƙohwa wari yad doke ni. Ni na san warin nan. Warin hwangalin albasa na in ruwa ya kwana ciki gindi ya ruɓe. Ɗaki duhu ƙirin da rana tsaka. Nij ja labule nig ga iccen tsaye kamar kazad da anka hige, ganye tara sun rage can sama, sun sunkuya. Cikin tukunya ruwa kore shar, har ɗiyan sauro suna wutsil wutsil. Nil leƙa ƙasa nig ga laka. Wallahi Ruƙayyatu, tsoro da dariya tare sunka taho min. Nit tambaye shi wa yat toshe ramun. Yac ce shi, ai yoyo suka yi. Nic ce mai ramun ga da gangan anka yi su, ƙohwar hitar ruwa ta, ba kowace shuka ta shinkahwa ba. Yac ce ku mutanen albasa mi kunka sani ga ruwa. Nic ce mun san ranad da shika kisa.

Niɗ ɗan karce jikin iccen da akaihwa, sai ga ƙaro hwari kamar nono ya tsattsaho. Nan raina yaɗ ɗan kwanta. Na ga dangin ceɗiya na, ita kau ceɗiya ran kare gare ta, ko sandatta kak kahwa ga ƙasa sai ta kama. Kuma tunda nono bai ƙahe ba, da sauran rai.

Munka ciccibo tukunya mu biyu zuwa baranda, munka kwantar, munka zaro shi. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi, kana taɓawa suna saɓulewa ga hannu. Nic ce shi ba ni wuƙatai ta layya. Ina yanke ruɓaɓɓun shina kau da kai, shina salati ƙasa ƙasa kamar ana yi ma ɗanai kaciya. Abin da yar rage mai hwari da tauri bai hi cikin tahin hannu biyu ba. Nib barbaɗe da toka, yadda muka yi ma albasad da hauya tas sara, nish shanya cikin inuwa har la'asar. Nit tura shi bakin gulbi shi ɗebo rairayi, shi ɗebo jar ƙasa ga tudu, ni kau nid daka gawayi nig garwaya. Sannan nib ba shi tsinke nic ce shi hidda lakatai da hannunai. Ya daɗe shina ƙwaƙule, don ta kama kamar siminti. Har cikin halin nan sai da yac ce min in dai duba in ga aiki. Munka jera tsingaro ga gindi don kar ƙasa ta cushe ramun, munka mayar da icce, munka aje shi kusa ga taga ta gabas inda hasken sahe ka shigowa.

Yaɗ ɗauko bokiti. Nic ce aje. Kwana bakwai iccen ba shi shan ko ɗigo, damshin ƙasad da munka sa ya ishe shi.

Nan hwa anka yi ta. Yac ce dashe ba ruwa, ina anka taɓa yi? Na san wana. Na san in na juya baya kahin in kai tasha ya cika tukunyag ga. Sai nik kulle hwalo, niɗ ɗaure mabuɗi ga haɓaz zanena, nit tura saƙo Argungu wurin direban da yak kawo ni, a ce ma kakanki ina nan sai abin da hali yay yi. Maƙwabciyas su tab ba ni wurin kwana. Ni da niz zo kai nama in koma ranan nan, sai ga ni wata guda da kwanaki Birnin Kabi da zane biyu.

Kwanakin nan ba su yi daɗi ba. Labbo shi share hili sau ukku, shi koma ga taga shi manna huska ga gilashi shina leƙe. Hadari shi taso, ruwa shi sauka kamar da bakin ƙwarya, shi tsaya baranda shina duban ruwan shina duban ɗakin, kamar mai azumi gaban randa. Kwana na huɗu ganye biyu sunka hwaɗi. Na shidda, biyu kuma. Saura biyat. Yac ce shi da ruwa yas soma kashe shi, ni na zo in ƙarasa da ƙishirwa. Kwana biyu bai yi min magana ba. In aje mai tuwo shi ci kaɗan shi ture, ba sannu ba madalla.

In gaya maki gaskiya, ni ma ban san ko iccen za shi tashi ba. Albasa nis sani, ban taɓa renon iccen ɗaki ba. Ƙarhin hali ɗai niy yi don kar Labbo shi ga tsoro ga huskata shi ɗauki tabarma. Ina sallah ina roƙon Allah kar shi kunyata mu mu biyu, don yanzu hannuna ma ya shiga ciki.

Da kwana bakwai sunka cika nis sa shi yat tsoma yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu, nit tambaye shi mi yaj ji. Yac ce ba sanyi. Nic ce to yanzu, moɗa guda. Yaz zuba a hankali, muna tsaye, har ɗan ruwa yaɗ ɗigo cikin hwaranti. Nig ga hannunai ya motsa kamar za shi tare. Nid dube shi, yam mayar da hannu aljihu.

Daga nan ganye sunka bar zuba. Ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, biyat ɗin nan suna nan, mako guda, mako biyu. Alhazai sun soma dawowa, kullum ana guɗa wani gida cikin unguwa, kowace guɗa sai gaban Labbo ya hwaɗi. Sai rannan mijin maƙwabciya yaz zo da labari, ya ji ga rediyo jirgin da za shi kwaso su Malama ya samu jinkiri, sai bayan kwana goma. Munka ce Allah shi kawo su lahiya, amma ba wanda yad dubi idon wani. Da la'asar nij ji Labbo shina ta istigihwari da tazbaha, wai shi yau shi ka murna bayin Allah sun maƙale ƙasar mutane.

Kwana ashirin da ukku da dashen, nis shiga da sahe in share ɗaki. Can ga tsinin iccen nig ga wani abu ja, siriri, kamar ɗan tsidihun barkono. Na aza wata cuta ta kuma. Nik kira shi. Yaz zo yat tsaya, yam matsa kusa har gemunai shina taɓa ganye.

Sannan yac ce, “Toho na, Kulu.”

Yaz zame yaz zauna bisa darduma, shi da bai taɓa zama ɗakin nan ba. Nig ga kahwaɗunai suna rawa. Niɗ ɗauki tsintsiyata nih hita nib ba shi wuri. Rannan sai da nis sake ɗora tukunya, don kwano biyu yac ci yat tambayi ƙanzo. Da marece nig ga ya kwance ƙunshin kayanai ya rataye riga ga ƙusa. Nik kwance mabuɗi ga zanena nib ba shi abinai.

Amma kin san toho guda ba shi mayar da ganye ashirin da shidda. Iccen dai higagge na, kowa yag gani ya san an yi ɓarna. Ni har na ba shi shawara, nic ce in ta tambaya shi ce damana ta, icce ya yi kaɗe, tunda ga shi shina tohowa. Yac ce a'a. Wanda yaƙ ƙi gudu da ƙahwa ba shi gudu da baki.

Ranad da tad dawo gida yac cika maƙil, mata suna guɗa, ana rabon dabino, ana ta Hajiya Hajiya, ita kau tana murmushi da sabon haƙorin Makka. Ta rame, ta yi baƙi, ga tari irin na alhazai. Baranda anka shimhiɗa tabarmi, hwalo na kulle, mabuɗi ga Labbo. Sai da la'asar sakaliya baƙi sunka watse. Yaɗ ɗauko buhun nan, yab buɗe mata ƙohwa, yad durƙusa tsakaɗ ɗaki, ni ina rakuɓe bakin ƙohwa. Yaz zazzage busassun ganye gabanta. Yag gaya mata komi, lakad da yaɗ ɗebo, kashin shanu, rubutu, har ɗaure kayan da yay yi bai ɓoye ba. Yac ce ita tas so ta koya mai, girman kai yah hana shi saurare. In ta ce shi tahi, ba ta zalunce shi ba.

Malama tad dubi busassun ganyen. Tat taka wurin iccen, tash shahwa jikinai inda ganye sunka zube, tun daga ƙasa, gurbi gurbi. Nig ga hawaye. Taj juya tas shige ƙuryaɗ ɗaki taj ja ƙohwa.

Zaman nan da munka yi, ban san tsawonai ba. Labbo bai ɗaga daga durƙuso ba. Ni ina jin tarinta can ciki, ina cewa shi ke nan, wahala ta tashi banza.

Sai ga ta ta hito da tabarau ga ido. Ashe su tat tahi nema cikin kaya. Tak koma ga iccen tal leƙa sama. Jan abin nan ya riga ya tsage kwana biyu da sunka wuce, ɗan ganye ya warware, taushi gare shi kamar kunnen jinjiri, ga wani jan tsini kuma shina biyo shi. Tat tambayi yaushe wanga yah hito. Munka gaya mata. Tac ce tun rasuwam Malam iccen ga bai hidda sabon ganye ko guda ba. Shekara biyu tsohhin ɗai taka gogewa, har ta ɗauka shi ma ya tsaya ke nan.

Tac ce, “Baba Labbo, tashi. Na ji zahin waɗanda sunka zube, ba ni yi maka ƙarya. Amma da na dawo na ishe ɗakinka wayam, da shi ya hi min ciwo.”

Wallahi sai nij ji kamar an sauke min dutsin niƙa daga ka. Niz zauna nan bakin ƙohwa. Tas sa nim maimaita mata yadda munka yi, da munka kai ga ramun nan ukku tay yi dariya har tari yas sarƙe ta, tana cewa Allah sarki Malam, da shina nan da ya ba abokan aikinai labari shekara guda. Tak kawo muna dabino da zamzam cikin ɗan kohi. Labbo yak kurɓa, yad dubi sauran, yat tambaye ta ko shi ɗan zuba ma iccen don albarka. Nih harare shi. Hajiya tac ce cokali guda, kuma Inna Kulu ta auna.

Wanshekare nik koma Argungu. Kakanki ya cika ya batse, wai an bar shi wata guda da tuwon maƙwabta saboda iccen da ba a ci. Da nib ba shi labarin laka sai hushi yaw wuce, yay yi ta dariya har da riƙe ciki, yac ce Allah shi kai shi ranad da za su gamu da Labbo.

Shekara shidda Labbo yaƙ ƙara gidan nan. Hajiya tab bar mai renon iccen gaba ɗai, har sai da yat taɓa silin anka rage mai kai. Matan kwatas sunka ji labari, wadda dut shukatta tas soma ɗorawa sai ta aiko mai. Abin da shika hwara yi, shi karkata tukunya shi leƙa gindi, sannan shi tsoma yatsa, sannan shi yi musu hwaɗa wai suna kashe shuka da ruwa, kamar ba shi ba. Wurin kakanki kau bai taɓa amsa laihi ba. Shikan ce ai dama ya yi niyyar buɗe ramun, ni ɗai nir riga shi hwaɗi. Ni ma bai taɓa ce min na gode ba, ban kuma jira ba, ai babban wa na.

Shekarad da tag gabaci yanke muna jiha yar rasu. Bai yi jinya ba, ya yi sallar la'asar ya zauna bisa bencinai, anka ishe shi ya jingina ga bango. Hajiya da kanta tat taho har Argungu yi min ta'aziyya, tac ce gaban mutane ba ta taɓa zama da mai amana irinai ba. Na yi kuka, amma kuka mai sanyi, don na san da sunan da yat tahi.

Mako biyu kahin rasuwatai na je ganinai. Da za ni komo yac ce sai ya raka ni tasha, abin da bai saba ba. Muna tahe a hankali shina riƙe min ƙunshi, shina tsayawa shina maida numhwashi. Da munka kai ga mota yam miƙo min kayana, yad dubi wani wuri can daban, yac ce:

“Kulu, rannan da kin bar ni na shiga motag Gulma, da har yau kaina shina ƙasa. Hau, kar su cike maki wuri.”